Abin da Wani Kwalbati Ya Koya Mini Game da Girman Kano

Ina cikin shekarata ta biyu da fara aikin injiniya aka ba ni zanen lambatu da kwalbati a wata sabuwar unguwa da ke gefen birnin Kano ta yamma. A lokacin gidajen wurin ba su da yawa, sauran fili kuwa gonakin gero da dawa ne waɗanda aka fara kafa wa turakun awon igiya. Na yi lissafi yadda aka koya mana, wato na auna faɗin filin da ruwansa zai gangaro, na duba ƙarfin ruwan sama, sannan na ƙiyasta kason da ƙasa ba za ta shanye ba. A wannan na ukun ne na yi kuskuren da har yau yake damuna. Gona mai rairayi tana shanye mafi yawan ruwan da ya sauka a kanta, abin da ke gudana bai cika wuce kashi 20 cikin 100 ba, amma da zarar rufin kwano da daɓen siminti sun maye gurbinta, sai ya haura kashi 80. Ni kuwa gonar da na gani da idona ita na yi wa lissafi.

Mai unguwar wurin, wani dattijo da aka haifa a nan tun ana kiran wurin ƙauye, ya kai ni bakin wani kududdufi, ya nuna mini da sandarsa inda ruwa ke tsayawa a jikin wata tsohuwar katanga idan damina ta yi tsakiya. Ya ce, "Ɗana, wannan kududdufin da kake gani an riga an yanka shi fuloti-fuloti, to idan aka cike shi ina ruwansa zai nufa?" Na ce, "Ranka ya daɗe, lissafinmu ya nuna kwalbatin zai ɗauka." Bai ja da ni ba, sai ya ce Allah ya sa haka.

Bayan damina shida na koma unguwar a cikin watan Agusta. Babu gona ko ɗaya, kududdufin ya zama layin shaguna, ruwa kuma ya haye kan kwalbatin ya shiga zaurukan mutane. Na ga wata mata tana kwashe ruwa daga ɗakinta da roba, katifun yaranta a shanye a kan katanga, kuma abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne masan gidajen sun cika sun haɗe da ruwan da yara ke takawa. Wanda ya san yadda amai da gudawa ke yaɗuwa ba zai ga haka ya yi barci mai daɗi ba.

Tun daga ranar na fahimci cewa magudanar ruwa ba don mutanen da ke zaune yau ake gina ta ba. Ƙidayar 2006 ta ba Jihar Kano mutum kusan miliyan 9.4, kuma garin da jama'arsa ke ƙaruwa da kashi 3 cikin 100 a shekara yana ninkawa cikin shekara 24 ko ƙasa da haka, alhali bututun da aka binne ana sa ran zai yi shekara 50 yana aiki. Tsarin raya birni da wani masanin tsara birane mai suna Trevallion ya rubuta wa Kano an yi shi ne don shekarun 1963 zuwa 1983, gari kuwa ya daɗe da tsallake wancan zane ya malala cikin Kumbotso da Ungogo. Kududdufan cikin ganuwa, waɗanda aka haƙa don ɗibar ƙasar gini, su ne suke riƙe ruwan sama su sake shi a hankali, kuma duk wanda aka cike, nauyinsa kan ƙoramar Jakara yake komawa, ita da tun asali take ɗauke da ruwan kwatar tsohon gari zuwa madatsar Wasai.

Akwai wani abu a lissafin bututu da nake ganin ya kamata duk mai riƙe da kasafin kuɗi ya sani. Idan aka ninka faɗin bututu sau biyu, ruwan da zai ɗauka yana ƙaruwa fiye da sau shida, kuɗin haƙa da binnewa kuwa ba ya ƙaruwa haka. Joseph Bazalgette, wanda ya gina manyan magudanan Landan bayan warin da kogin Thames ya yi a 1858, ya bar musu sarari fiye da bukatar zamaninsa, shi ya sa har yanzu ake amfani da su. Sai dai girma ma yana da iyaka, musamman a nan inda ruwan sama ke sauka cikin wata huɗu zuwa biyar kawai. Bututu mai faɗi da ruwa kaɗan ba ya gudu da ƙarfin da zai wanke kansa, sai rairayi da leda su kwanta a ciki tun rani, damina ta zo ta tarar da rabinsa a toshe.

Saboda haka na daina ganin girman siminti a matsayin babbar tambaya. Abin da ba ya sayuwa daga baya shi ne hanyar da ruwa zai bi. Ana iya gina lambatu daidai bukatar shekara goma a faɗaɗa shi idan kuɗi ya samu, amma idan aka bari aka yi gini a kan hanyar, sai an kai ga rusau da biyan diyya da ɓacin ran bayin Allah waɗanda suka sayi fili da guminsu. Yawancin gidajen Kano da masai da sokawe suke aiki, kuma ranar da ruwan famfo ya wadata, kusan kashi 80 cikin 100 na abin da ya shiga gida zai fito a matsayin ƙazamin ruwa, wanda shi ma yana bukatar tasa hanyar daban da ta ruwan sama.

Yanzu idan aka ba ni aiki a sabuwar unguwa, ba na buɗe kwamfuta sai na zaga wurin da ƙafa tare da mai unguwa, na tambayi filayen da aka yanka da kududdufan da aka sayar, sannan na yi lissafi kamar an riga an rufe kowane fuloti da kwano. A makon jiya ma wani matashin injiniya ya kawo mini zanensa, na tarar ya rubuta "gona" a kan rabin taswirar, sai na ce ya ɗauko hularsa mu je mu gaida mai unguwa.