Tarihin Rayuwata, Kashi na 12: Yadda Na Koyi Raba Sarƙar Katafila

A makon jiya na tsaya ne a inda maigidana ya fara fita da ni ayyukan daji, bayan na daɗe ina wanke sifanu da miƙa kaya a garejinmu na cikin Sakkwato. Aikin da zan ba da labarinsa yau ya same mu ne a wani ramin ɗiban jar ƙasa da ke kan hanyar Kware, inda wata tsohuwar katafila ƙirar D7 ta tsaya saboda wilin gaba, wanda muke kira aidila, ya lalace, kuma ba shi fituwa sai an raba sarƙar. Watan Afrilu ne, lokacin da zafin Sakkwato kan haura digiri 40, ƙarfe ba ya taɓuwa idan hantsi ya yi, don haka muka fara bayan sallar asuba.

Sarƙar katafila gaɓoɓi ne da aka jera, kowace mahaɗa da fin ɗinta, wato gajeren sandan ƙarfe mai haɗa gaɓa da gaɓa, a cikin wani bututun ƙarfe da ake kira bushin, kuma tun daga masana'anta inji mai tsananin ƙarfi ne ya matse su. A cikinsu duka guda ɗaya tak aka yi domin a cire, shi ne masta fin. Maigidana ya miƙo mini buroshin waya, ya ce in bi kawunansu ɗaya bayan ɗaya in kankare lakar da ta bushe, in riƙa shafawa da ɗan yatsa, domin ido yakan ruɗe a kan ƙarfen da ya sha tsatsa. Na yi nisa ina shafa kawuna masu santsi kafin yatsana ya faɗa cikin wani ɗan loko a tsakiyar ɗaya daga cikinsu.

Na ce, "Maigida, ga wani mai rami a ka."

Ya duƙa ya duba, ya ce, "Wanga ne. Sa mai alli."

Alamar takan bambanta daga kamfani zuwa kamfani. A wasu injinan duk finafinan suna da loko, sai na masta ya fi faɗi ko kuma ya zama shafaffe, a wasu kuma za a tarar da ƙusa mai lanƙwasa ta tare bakinsa, saboda haka abin nema shi ne wanda ya saɓa wa 'yan'uwansa. Yawancin katafilolin zamani, masu sarƙar da aka rufe mai a cikinta, ba su da masta fin ma sam, gaɓa ce aka tsaga biyu mai haƙora, wadda ƙusoshi huɗu na farantin taka ƙasa da ke kanta suke riƙe da ita. Har yau raina yana ɓaci idan na ga wanda ya gaji da nema ya ɗauko gas ya yanke gaɓa, domin ya jawo wa mai injin asarar da haƙurin rabin awa zai hana.

Direba ya matsar da injin a hankali har alamar allin ta zo kan aidila, muka cusa gungumen itace a ƙarƙashin sarƙar. Daga nan aka saki giris ɗin da ke tura aidila gaba ya ɗaure sarƙar. Wannan wuri maigidana bai bar wa kowa ba, shi da kansa ya sassauta bawul ɗin, zagaye ɗaya kawai, fuskarsa a gefe, domin giris ɗin yana cikin matsi mai tsanani, kuma idan bawul ya ƙwace yana iya huda mutum.

Bayan mun kwance farantin da ke kan gaɓar, mai walda ya gasa kunnuwanta, yana kiyaye kada wutar ta zauna a kan fin ɗin, tunda so ake ramin ya buɗa shi kuwa ya tsaya yadda yake. Aka tokare bayan gaɓar da ƙarfe mai nauyi don kada bugun ya tafi a banza. Ni aka ba riƙon sandar bugu, wadda aka yi wa doguwar mariƙa da walda saboda hannu ya yi nesa da guduma, kuma sai da maigidana ya goge bakinta da ya baje, domin ɓarɓashin irin wannan baki ne ke tashi ya shiga ido. Manyan kamfanoni suna da injin matsi na haidirolik mai tura fin cikin sauƙi, mu kuwa guduma muke da ita da ƙarfin samari biyu masu karɓa-karɓa.

Da farko ƙarar bugun tana fita siririya, tana ratsa mini hannu har kafaɗa. Can sai ta sauya ta yi kauri, maigidana ya ɗaga hannu ya nuna mini ɗan farin ƙarfe da ya leƙo ta ɗaya gefen. Ya kori kowa daga gaban injin kafin bugun ƙarshe, domin idan fin ya fita sarƙar takan zube gaba da dukan nauyinta. Ta zube a kan gungumen, muka tattara zobban da ke gefen bushin muka ɗaure a tsumma, sannan muka shiga kwance aidila kafin azahar.