Katantanwar teku a ƙasar Sakkwato

Jiya ƙanena ya ɗauko wani farin dutse a wajen Kalambaina, kusa da birnin Sakkwato, ya ce, "Yaya, duba nan." Katantanwa ce ta zama dutse, zanen bayanta na nan raɗau. Na daɗe ina jujjuya ta a tafin hannuna, zufa na keto mini.

Ashe kimanin shekaru miliyan 60 da suka wuce, wurin nan ƙasan teku ne. Ruwan ya mamaye sassan Mali da Nijar har ya iso Sakkwato. Lokacin duniya da ɗumi, babu tulin ƙanƙara a ƙarshenta na kudu da na arewa. Kafin nan kuma Afirka da Kudancin Amurka sun rabu, sabon ƙasan teku mai zafi ya kumbura, ya turo ruwa kan tudu. Wannan tsagewar ce ma ta haifar da kwarin Binuwai.

Abin da ya fi taɓa ni, bawon waɗannan halittu ne ya taru ya zama dutsen da ake ƙonawa a yi siminti. Ikon Allah! Da na koma gida sai da na shafa bangon ɗakina.