Asabar ɗin tsifa, da majigin da Hajiya ta fassara mana

Sha ɗaya saura na dare. Yara sun yi barci, ruwan da ya tsuge tun bayan isha'i har yanzu yana dukan kwano. Bayana ciwo yake, amma ba na so in kwanta ban rubuta yau ba.

Tun daren jiya na shirya. Na sayi datar dare, na zauna har wajen ɗaya ina sauke gajerun finafinan katun a kwamfutar babansu. Abin da ya sa kuwa ya daɗe yana ci mini rai. In na miƙa wa Auta waya don in samu in ɗora tukunya, sai ta nutse cikin bidiyoyin nan marasa kan gado, wannan ya ƙare wancan ya hau, ihu da walƙiyar launi kawai. A karɓe wayar a sha kuka, a tambaye ta me ta kalla ta kasa faɗa. Wata abokiyar aikina ce a makarantar da nake koyarwa ta ce in gwada gajerun da ake kaiwa gasar duniya, waɗanda suke da farko suke da ƙarshe. Na zaɓi uku, babu wanda ya kai minti goma.

Asabar a gidan nan ranar tsifa ce. Bayan karin kumallo na shimfiɗa tabarma a falo, na zaunar da Ummi tsakanin ƙafafuna, ga kibiya ga mataji ga man kaɗanya a murfin kwano. Kwamfutar na ɗora ta a kan kujera 'yar tsugunno. An kawo wuta da asuba, don haka cajinta a cike yake. Hajiya, mahaifiyar babansu, sati biyu ke nan da ta zo daga Zariya ganin likita saboda ciwon gwiwa. Tana gefe a kan darduma da carbinta. Ita dai ba ta shiri da katun. Duk sanda yara suka kunna sai ta ce, "Me ya ce? Me suke wa dariya?" Abba ya fassara mata jimla ɗaya ya gaji, ita ma ta haƙura ta juya baya.

Na fara da Piper, na kamfanin Pixar na Amurka, wanda ya fito a 2016 ya kuma ci lambar Oscar a 2017. Minti shida ne, babu magana ko ɗaya a ciki. Ɗan tsuntsu ne a bakin teku, ya saba buɗe baki uwa ta zuba masa. Ran nan uwar ta ƙi, ta tsaya can inda ruwa yake lasar yashi tana kiransa. Ban ankara ba sai na ji muryar Hajiya daga bayana: "Kun gani ko? Ta ƙi ba shi a baki. Cewa take ya taso ya nema." Da igiyar ruwa ta taso ta rufe shi ya fito jiƙe sharkaf yana makyarkyata, sai ta saki carbin ta ce, "Wayyo ɗan nan!" Ya koma ya ɓuya, yunwa na cinsa amma ko motsin ruwa ya hango sai ya arce. Ta ce, "Ai wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu."

Daga nan ita ta karɓi labarin. Ta matso da dardumarta. Da ɗan tsuntsun ya bi wata 'yar ƙaguwa ya ga yadda take binne kanta a yashi in ruwa ya taho, Hajiya ce ta riga kowa ganewa: "Zai kwaikwaye ta, ku zuba ido." Ya binne kansa, ruwa ya rufe shi, ƙaguwar ta taɓa shi ya buɗe ido a ƙarƙashin ruwan, sai ga abinci birjik ya fito daga cikin yashi. Auta ta miƙe tana tsalle. Abba, da kullum shi ne tafinta, yau shi yake juyowa yana cewa, "Hajiya, to yanzu me yake nufi?" Ta ce, "Maigida, yau kai ne ɗalibi." Haka take kiransa, don sunan marigayi mijinta aka sa masa.

Na ji daɗin wannan har cikin raina. Tunda aka cire Turanci daga tsakani, kowa a falon nan ya dawo daidai, kuma wadda ta shekara fiye da saba'in tana karantar fuska da motsin jiki ita ce ta fi mu gani.

Na biyun na ajiye shi ne takanas don Ummi. Hair Love, na wani baƙar fata ɗan Amurka, Matthew Cherry, wanda a da ɗan wasan ƙwallon Amurka ne. Ya fito a 2019, shi ma ya ci Oscar a shekarar da ta biyo. Gudummawar jama'a ta intanet aka tara aka yi shi. Wata yarinya ce mai suma cunkus irin tamu, tana son a gyara mata kai, uwar ba ta gida, sai uban ya ɗauki mataji. Inda aka nuna gashin ya zama kamar ɗan dambe yana kai wa uban naushi, dariya har da ni. Daidai lokacin babansu ya fito zai tafi Kasuwar Barci, makullin mashin a hannu, yara suka yi caa: "Baba, ku zo ku gani!" Ya tsaya a bakin ƙofa bai zauna ba, bai kuma tafi ba. Hajiya ta riƙe haɓa ta ce, "Namiji da kitso? Ikon Allah. To Allah ya yi masa albarka, ya rufa wa 'yarsa asiri."

A ƙarshe suka je asibiti ɗauko uwar. Tana zaune a keken marasa lafiya, ta zame ɗankwalinta, kanta babu gashi ko ɗaya. Falon ya yi tsit. Ummi ta ɗago ta ce, "Mama, aske mata aka yi?" Na ce mata maganin ciwon daji ne yake zubar da gashi, kuma yakan sake tsirowa. Ta yi shiru. Can sai ta kai hannu ta shafa ɓangaren da na gama tsefewa, wanda ya tashi buzu-buzu, ta ce, "Na yarinyar irin nawa ne." Wannan yarinya ta sha ce mini tana son gashi mai santsi da ke zuba a baya kamar na gimbiyoyin katun, har kuka ta taɓa yi a sa mata man da ke miƙar da gashi. Na sha yi mata bayani bai shiga ba. Yau da bakinta ta ce in za a kai ta gidan makitsiya gobe, a yi mata shuku a bar jelar a tsaye.

Muka tashi sallar azahar, muka ci shinkafa da wake da mai da yaji. Aka ɗauke wuta. Na wanke wa Ummi kai, na yi wanki kaɗan, hadari ya fara haɗowa ta gabas.

Na ukun na yi ta jinkirin kunna shi, don da na kalla jiya ni kaɗai sai da na share hawaye. Bayan la'asar Auta ta yi barci, na ga dama ta samu, don a ganina ya yi wa mai shekara huɗu nauyi. Father and Daughter, na wani ɗan ƙasar Holan, Michael Dudok de Wit, na shekarar 2000. Zanen hannu ne, launin ƙasa-ƙasa da baƙi, mutanen kamar inuwa. Uba da 'yarsa sun hau keke zuwa bakin ruwa. Ya jingine kekensa a bishiya, ya rungume ta, ya gangara ya shiga kwale-kwale ya tafi. Ta jira har rana ta faɗi. Ta yi ta dawowa wurin, cikin iska, cikin ruwan sama, tana budurwa, tana tare da miji da 'ya'ya, har ta tsufa tana tura keken da ƙyar. Ruwan ya janye ya zama fadama. Ta kutsa cikin ciyayi, ta tarar da kwale-kwalen yashi ya binne rabinsa, ta shiga ta kwanta a ciki.

Wannan karon Hajiya ba ta fassara komai ba. Da ya ƙare na waiwaya na ga ta ja mayafi ta rufe rabin fuskarta. Na ce, "Hajiya, lafiya? Ko ƙafar ce?" Ta girgiza kai. Ta daɗe kafin ta ce, "Haka Baffa ya tafi."

Shekara goma sha huɗu da aurena, na san mahaifinta ya rasu tana ƙarama, iyakar abin da na sani ke nan. Ashe ba a gabansu ya rasu ba. Aikin hajji ya tafi ta ƙasa, tana da kamar shekara shida, shi da ayarin mutanen ƙauyensu. Ta ce ta raka shi har gindin wata tsamiya a bakin gari, ya ba ta ƙuli-ƙuli ya ce ta koma. A wancan zamani ta Barno ake bi a shiga Chadi, a ratsa Sudan har bakin Bahar Maliya, ana tafe ana tsayawa neman guzuri, tafiyar takan ci shekaru. Da yawa sun tsaya aikin gonakin auduga a Jazira ta Sudan ba su dawo ba, zuriyarsu na can har yau suna jin Hausa. Ta ce wani da ya dawo ya ce ya gan shi a Sudan, daga nan babu wanda ya sake kawo labari. Ta ce har aka yi mata aure, in ta je ɗebo ruwa sai ta bi ta gindin tsamiyar nan ko da ba hanyarta ba ce. Abba ya matsa ya jingina da kafaɗarta. Muka yi masa addu'a gaba ɗaya, Allah ya jiƙansa a duk inda ƙasa ta rufe shi.

Abba ne ya sauya zancen. Ya ce, "Mama, mu Hausawa ba ma yin irin wannan?" Na gaya masa abin da na karanta jiya ina cikin neme-neme: a Nijar an yi wani mutum, Moustapha Alassane, an haife shi a 1942 ya rasu a 2015, ya daɗe zaune a Tawa, kuma ana lissafa shi cikin na farko da suka yi katun a Afirka. Tun 1966 ya zana wani gajere a kan shugaban ƙasar kwaɗi da ya tafi ziyara maƙwabciyar ƙasa, yana da wani kuma na kokawar kwaɗi. Hajiya ta share ido ta ce, "Kwaɗi da kokawa? Wannan kam a nemo mini shi."

Ya tambaya yaya ake sa zane ya motsa. Na ce hotuna ne ake jerawa, 24 a kowace daƙiƙa, su wuce da sauri har ido ya ɗauka motsi ne. Na ce ya lissafa na ɗan tsuntsun nan. Ya ɗauko biro, minti 6 daƙiƙa 360, sau 24, ya ɗago ya ce 8,640, ya sake lissafawa don bai yarda ba. Sai na ɗauko tsohon littafin rubutunsa na nuna masa yadda muke yi muna firamare: a zana ɗan mutum a kusurwar kowane shafi, a ɗan gusa ƙafarsa, a saki shafukan da babban yatsa. Har magariba yana kai. Kwaɗo ya zana, shafi talatin da biyu, yana tsalle ya faɗa rijiya. Ummi ta ce ita ce za ta yi muryar kwaɗon, ya ce nasa ba a magana a ciki, Hajiya ce za ta faɗi abin da yake nufi.

Babansu ya dawo da tsire bayan isha'i. Na shiga kicin ɗauko faranti, na fito na tarar ya zaunar da Auta a gabansa da mataji a hannu, yana taje mata kai a hankali, ita kuma tana cewa, "Baba, da zafi." Hajiya tana nuna masa ya fara daga baki-baki kafin ya gangara tushe.

Ɗazu da na je kai mata ruwan shan magani, na tarar ba ta kwanta ba. Ta ce, "Gobe in kin kai yarinyar kitso kin dawo, ki sake kunna mini na mai keken nan. Ban ga ƙarshensa da kyau ba." Na ce to, Hajiya. Na sa kwamfutar a caji ko za a kawo wuta cikin dare.