Abin da Sista ta koya mana a bakin gado

Duk wanda aka tambaya game da marigayiya shugabar ɗakin majinyatanmu, tausayi yake fara ambata. Ba ƙarya ya yi ba, amma mu da muka yi aiki a ƙarƙashinta tsaurinta muka fi tunawa. Sista, kamar yadda kowa ke kiranta, Allah Ya jiƙanta, ba ta cikin masu yawan "sannu, sannu" a bakin gado. Nata tausayin a cikin aiki yake, kuma ba ta lamunci aikin ganin ido ba.

A kan numfashi na fi ganin haka. Baligi mai lafiya yana numfashi sau 12 zuwa 20 a minti ɗaya. Zafin jiki da awon jini na'ura ce ke faɗa, shi kuwa numfashi sai an tsaya an ƙirga, shi ya sa idan aiki ya yi yawa wasu kan rubuta 18 ko 20 kawai su wuce. Sista na ganin kati da lamba iri ɗaya tun safe har dare za ta kira mai shi gefe, ba a gaban majinyaci ba, ta ce, "'Yata, ƙirgawa kika yi ko cika layi?" Daga nan su koma bakin gadon tare. Ta koya mana a riƙe wuyan hannun mutum kamar ana jin bugun jini, ido kuma na kan ƙirjinsa har minti ya cika, domin da zarar ya gane ana lura da numfashinsa zai sauya shi. Dalilinta mai ƙarfi ne. Idan ƙwayoyin cuta suka shiga jini, ko jini na zuba a ciki, jiki yakan yi ta ƙoƙarin riƙe awon jini daidai na wani lokaci, amma numfashi yakan tona asiri da wuri. Wanda ya rubuta lambar da bai ƙirga ba ya jefar da gargaɗin farko.

Haka take da gyambon kwanciya. Majinyacin da ba ya iya motsi a juya shi duk bayan awa biyu, a duba dunduniya da ƙugu da ƙasan baya. A makaranta an ce mu nemi jan da ba ya gushewa idan an danna, to amma a baƙar fata jan ba ya fitowa sosai. Ita da hannu take dubawa: wurin ya fi kewayensa zafi? Ya yi tauri? Launinsa ya ƙara duhu? Wannan kam a wurinta na samu.

Duk ranar 12 ga Mayu, ranar ma'aikatan jinya ta duniya, akan kawo zancen Florence Nightingale, ma'aikaciyar jinya 'yar Ingila, da fitilar da take zagaya majinyata da ita da dare a asibitin sojojin Ingila lokacin yaƙin Kirimiya, inda ta isa a 1854. Ni yanzu idan aka ambace ta alƙaluman da ta tattara nake tunawa, waɗanda suka nuna cututtukan da rashin tsabta ke yaɗawa sun fi raunin fagen fama kashe sojoji. Fitila ta fi daɗin zanawa a jikin allo, shi ke nan. Sista ta ɓangaren alƙaluma ce.

Uwa ce kuma, kuma a nan nake da ja da masu yabo. Sukan ce ta sadaukar da komai, har da lokacin 'ya'yanta, kamar wata lambar girma ce. Na ga ranakun da ta tashi daga aikin dare ta nufi gida da sauri don ta riski yara kafin su tafi makaranta, ba kullum take riskarsu ba, kuma abin yana damunta. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2020 ya ce ma'aikatan jinya sun kai kusan miliyan 28 a duniya, kimanin tara cikin goma mata ne, kuma akwai giɓin kusan miliyan 6. Wannan giɓin da barcin irin su Sista ake cike shi, da na 'ya'yansu. Yabo ya fi ɗaukar ma'aikata araha. Ita ba ta taɓa kiran abin da kyau ba. Idan ɗan wata a cikinmu ya kwanta ciwo, da kanta take sake tsara jadawali, kuma ba ta barin kowa ta haɗa aikin dare da na safe don neman suna. Hannun da bai yi barci ba, in ji ta, shi ke kuskuren allura.

Da ta yi ritaya sai ta koma aikin sa kai, tana tara iyaye mata tana koya musu abin yi idan yaro ya kamu da gudawa: litar ruwa mai tsabta, ƙaramin cokali shida na sukari a shafe, rabin ƙaramin cokali na gishiri, a ci gaba da shayarwa, a ba da ƙwayar zinki kwana 10 zuwa 14. Ba ta tambayar "kun gane?", don ta san kunya kaɗai za ta sa kowa ya ce e. Sai ta miƙa cokali ta ce, "Maman yaro, haɗa in gani." A nan ake gano mai tula cokali da mai musanya awon gishiri da na sukari, alhali gishirin da ya yi yawa haɗari ne ga yaro.

Wannan dabarar ita nake bi yanzu duk lokacin sallamar majinyaci. Nakan ce ya maimaita mini da bakinsa yadda zai sha maganin, sau nawa, kafin abinci ko bayansa, da alamar da zai gani ya dawo ba tare da jiran ranar da aka ba shi ba. Yana cin lokaci, masu jiran gado sukan yi guna-guni, amma da wuya mako ya wuce ban tarar da wanda ya ɗauka "sau uku a rana" na nufin ƙwaya uku a lokaci guda ba.