Kafin ka sa wa shagonka ƙofar naɗi a Zariya

Mai shago a PZ ko Tudun Wada, kafin ka kira mai walda, ka fara da KASUPDA, hukumar tsara birane, domin ita ke ba da izinin gini da sauya fuskar gini a jihar Kaduna. Abin da ke jawo jan fenti a bango yawanci shi ne shiga filin titi: akwatin da ƙofar ke naɗewa a ciki ya leƙo kan kwata, ko a ƙara rumfa a gabansa. A kafa akwatin ta ciki, bayan lintel, wato kankaren da ke gicciye a saman ƙofa. In rumfar kasuwa ce, kamar ta Sabon Gari, sai ka nemi yardar hukumar kasuwar.

Hanyoyin ƙarfe biyu na gefe su tsaya cak, a gwada da ma'auni. Ɗan karkata kaɗan ya isa ƙofa ta riƙa cijewa, sifirin ya gaji da wuri. Lokacin hunturu kada a cika giris, yana kama ƙura ya zama laka. A share hanyar tukuna, a shafa kaɗan. Kwaɗo biyu a ƙasa, hagu da dama, sun fi ɗaya a tsakiya, wanda ɓarawo ke banƙarewa da rodi.

Shagon da yaro ke kwana a ciki kuwa, don Allah kada a kulle shi ta waje, saboda gobara.