Bayan Astra ya zauna

Da na fito daga masallaci da asubahin yau na tarar bayan motata Astra ya zauna ta ɓangaren hagu, har bakin madigadi ya kusa rufe saman taya. Tun daren jiya dama nake jin ƙarar ƙarfe daga wannan ƙafar duk lokacin da na hau tudun rage gudu. Kawu ya riga ni ganin motar, kuma kafin in gama zagaya ta ya yanke hukunci cewa shokazoba ce ta mutu, ya ƙara da cewa zai raka ni Magazin, unguwar makanikai da ke Suame a nan Kumasi, domin kada 'yan kayan gyara su ga baƙon ido su tsuga mini kuɗi. Na nemi uzuri a makaranta, muka kama hanya daga Aboabo zuwa Suame a hankali, tayar tana gogar bodi a kowane rami, warin roba yana shigowa ta taga.

Masta, wato ubangidan garejin, bai taɓa sifana ba sai da ya gama kallon motar. Ya sa aka tura ta inda ƙasa take a miƙe, ya gwada iskar tayoyin baya domin ya tabbatar ba ita take ruɗin ido ba, sannan ya auna daga tsakiyar kowace ƙafa zuwa bakin madigadi. Ɓangaren hagu ya gaza na dama da santimita 7. Daga nan ya danna bayan motar da ƙarfinsa ya saki, ta taso ta tsaya cak ba tare da lilo ba, ya leƙa shokazobar bai ga alamar yoyon mai a jikinta ba. Ya juya ya gaya wa Kawu cikin ladabi cewa, "Alhaji, sifirin shi ne ɗan dakon da yake ɗauke da motar, ita shokazoba aikinta kawai ta hana shi rawa da kayan. Ko sabuwa dal muka ɗaura, haka motar za ta fita a zaune." Kawu ya ce shi tun zamanin Peugeot 504 yake tuƙi, ba yau ya fara ganin mota ta durƙusa ba.

Da aka ɗaga motar aka tokare ta da ƙarafan tsayawa, domin Masta ba ya barin yaransa su shiga ƙarƙashin motar da jak kaɗai yake riƙe da ita, sai abin ya fito fili. Sifirin ɗin hagu ya karye daga zoben ƙasa, ya zame daga mazauninsa, guntun yana kwance a cikin laka da yashi da suka taru a wurin. Irin wannan Astra, wadda aka fara ƙerawa a 1991, tawa kuwa ƙirar 1996 ce, sifirin ɗinta na baya yana zaune shi kaɗai tsakanin bodi da hannun ƙafar, ba ya naɗe da shokazoba kamar na gaba. Yana da faɗi a tsakiya, ƙarfensa kuma yana sirancewa ta baki biyu, kuma a siririn bakin na ƙasa ruwa yake kwanciya. Masta ya nuna mini fuskar karayar, rabinta ya yi baƙi da tsatsa, rabin kuwa yana ƙyalli. Baƙin shi ne tsohuwar tsaga da ta daɗe tana ci a ɓoye, mai ƙyallin shi ne abin da ya ƙarasa jiya. Motar ta yi shekaru a Jamus kafin ta sauka a tashar jirgin ruwa ta Tema, kuma can ana watsa gishiri a tituna lokacin sanyi domin narkar da ƙanƙara, gishirin kuwa da zarar ya sami inda fenti ya ɗaye ba ya barin ƙarfe. Har zuwa nan raina a kwance yake, ina ma dariya da yaran, tunda sifirin ba injin ba ne.

Sai Masta ya kira ni ɓangaren dama, wanda bai karye ba. Ya nuna mini robar da take tare ƙafar idan ta kai ƙarshen tafiyarta, ta daku ta tsattsage, haka ma ta hagun. Ya nuna mini inda zobban sifirin suka riƙa haɗuwa da juna har fentin ya goge. Ya buɗe but, ya ɗaga shimfiɗar, ya debo jar ƙasa da 'yan ƙwayoyin masara daga ramin safayar taya, ya murza su a tafinsa, sannan ya tambaye ni, "Malam, me kake ɗora wa motar nan?" Ni abin da nake ɗora mata littattafan ɗalibai ne da cefanen Hajiya, Kawu kuwa shi ne yake karɓar makulli idan zai je Techiman sayo doya da masara. Na yi shiru, kuma shirun nan ya ishi Masta amsa.

Bai dubi Kawu ba. Ya buɗe murfin gaba ya nuna wa ƙaramin yaronsa farantin da aka buga nauyin motar a kai, kamar shi yake koya wa karatu, ya ce idan aka cire nauyin motar kanta daga abin da aka yarda ta kai, abin da ya rage bai wuce rabin tan ba, kuma direba da fasinjoji suna cikin lissafin. Ya ce buhun siminti kilo 50 ne, babban buhun masara kuwa ya ninka shi, saboda haka mutum uku da buhu uku sun gama da motar tun ba a ɗora doya ko ɗaya ba. Ya ce daga Techiman zuwa Kumasi ta Offinso tafiyar sama da kilomita 100 ce, kuma a kowane gari akwai tudun rage gudu, kowane tudu kuwa duka ne a kan ƙarfen da ya riga ya tsage. Yaron yana ta gyaɗa kai, shi da bai taɓa ɗora wa motata komai ba.

Kawu ya ce, "Masta, hanya ce ba ta da kyau, ramukan nan ko tirela sai sun karya ta." Masta ya ce, "Gaskiya ne, Alhaji, hanya tana da nata kason." Bai ƙara komai ba, kuma na ga ran Kawu ya fi ɓaci da wannan amincewar fiye da a ce gardama aka yi masa. Daga nan ya koma neman yadda za a rage mini kashe kuɗi. Ya ce a kai guntun wurin mai walda a haɗa, Masta ya ce ƙarfen sifirin gasasshe ne, wutar walda tana kashe ƙarfinsa, zai sake karyewa daf da inda aka liƙa, wataƙila kuma a kan gudu, ya huda taya. Ya ce to a sayi guda ɗaya, a cusa robar tsohuwar taya tsakanin zobban na dama kamar yadda wasu 'yan tasi suke yi. Masta ya ce sabon sifirin da gajiyayye ba sa tsayawa daidai, motar za ta karkace, robar kuma tana hana wasu zobba aiki ne ta bar wa sauran nauyin duka. Abin da ya sa na daina tunanin kuɗin shi ne maganar birki. Wannan Astra tawa, wadda mai dogon baya ce, tana da wani ɗan bawul a ƙarƙashi wanda yake haɗe da ƙarfen ƙafafun baya, idan bayan ya sauka sai ya ɗauka kaya aka ɗora, ya ƙara wa birkin baya ƙarfi. Motar da ta zauna alhali babu kaya a cikinta tana iya kulle tayoyin baya ta juya da mutum idan ya taka birki a jiƙaƙƙen titi, ga shi kuwa damina ba ta ƙare ba.

Mun sayo sifirin guda biyu na gwanjon Turai, waɗanda nan ake kira hom-yus, Masta da kansa ya jera su a ƙasa ya ga tsayinsu ɗaya, ya kankare bakin kowanne yana neman tsatsa, ya tabbatar na mai dogon baya ne ba na ƙaramar ba. Aikin kansa bai ɗauki lokaci ba. An tallafe hannun ƙafar da jak, an kwance notin ƙasa na shokazoba, an sassauta a hankali ana lura da tiyon birki kada ya miƙe, tsofaffin suka fito da hannu. An wanke mazaunin, an sa sababbin robobi, kuma ba a ɗaure notin tamau ba sai da motar ta sauka a kan tayoyinta. Da aka sake awo, ɓangarorin biyu sun zo daidai.

Da na zo biyan kuɗin aiki Masta ya ce Alhaji ya riga ya biya lokacin da na tafi sallar azahar. Na nemi Kawu, yaran suka ce ya hau trotro, wato motar haya, wai yana da uzuri a kasuwar Kejetia. Wannan ne ya hana ni sukuni tun la'asar. Shi ya riƙe ni bayan rasuwar Baba, shi ya cika mini kuɗin motar nan lokacin da nawa suka gaza, kuma doyar da yake ɗaukowa har gidana take shiga. Ban so a ce a gaban yaran gareji aka karanta masa lissafin buhuna ba, ko da yake ban ga inda Masta ya faɗi abin da ba gaskiya ba, ban kuma ga wata hanya da ta fi tasa taushi ba. Hajiya tana ganin biyan kuɗin nan shi ne amsar Kawu, kada in ƙara tayar da zancen, in dai riƙa ba shi kuɗin hayar motar kaya duk ranar da zai je Techiman ba tare da na ce don me ba. Ni kuwa ina tsoron ya ɗauki hakan a matsayin an hana shi makulli da dabara. Bai shigo cin tuwon dare ba, an kai masa ɗaki.

Masta ya ce bushin ɗin ƙarfen baya na hagu ya fara tsagewa, in dawo da motar idan an yi albashi, a duba shi tare da saitin fitilun gaba.