Santimita 9 da suka mayar da ni fili

Har yanzu in na tuna aikin magudanar ruwan nan sai raina ya sosu, don laifin nawa ne, ba na na'ura ba.

Wurare huɗu muka kafa alamar awon ƙasa a wata sabuwar unguwa, kowanne na'urar GPS ta zauna awa biyu. Na ukun ya faɗo tsakanin katanga da wani shago mai rufin kwano. Da dare, ina sarrafa bayanan, na ga taurarin ɗan'adam da na'urar ta kama sun yi kaɗan a wurin, sai na sauke iyakar, wato tsayin da tauraro zai kai a sama kafin a sa shi a lissafi, daga digiri 15 zuwa 5. Wannan kaɗai ba laifi ba ne. Laifin shi ne na bar duk awon da nauyi ɗaya a lissafi: tauraron da ke tsakar ka da wanda ke leƙowa daga gefen sama, duk na ba su baki ɗaya a maganar. Manhaja ta ce kuskurena milimita 4 ne. Na kwanta hankalina kwance.

Da muka bi da awon tudu da gangare, sai ga bambancin santimita 9 a wuri na uku. A magudana, wannan ya isa ruwa ya juya ya shiga gidan mutane.

Abin haushin, na san karatun. Siginar tauraron da ke tsakar ka, iskar da ke kusa da ƙasa tana jinkirta ta har nisan da aka auna ya ƙaru da kamar mita 2.3, amma a digiri 5 abin ya ninka kusan sau goma. Shi ya sa ake rage nauyi gwargwadon saukowar tauraro: na digiri 30 ya samu kashi ɗaya cikin huɗu, na digiri 10 kuwa kusan ɗaya cikin 33. Ni na yi gaggawa na tsallake.

Milimita 4 ɗin nan ma ba shaida ba ce. Manhaja ba ta san kwano ba, ba ta san katanga ba, abin da na gaya mata ta lissafa ta dawo mini da shi.

Ko da na gyara nauyin, wani tauraro mai digiri kusan 40 ya ci gaba da ɓata lissafi. Sai da na duba ƙarfin siginarsa na ga tana hawa da sauka, ashe daga rufin shagon take dawowa. Don Allah, in kuna aiki kusa da kwano, ku duba ƙarfin sigina kafin ku yarda da tsayin tauraro.

Na koma fili da man fetur ɗina da kuɗin leburori daga aljihuna, muka matsar da alamar mita 20 daga shagon, muka sake zaman awa biyu a rana.